Ƙwaya Uku da Sahur

Jiya na ji ɗayarku tana cewa wai aikin da na yi a asibiti ba aiki ba ne, raba ƙwaya ne kawai, ko makaho zai iya. Ban tanka ba saboda akwai baƙi a ɗakin. Yau babu baƙi, sai ku gyara zama. Ku da kuke karatun lafiya da littafi mai hoto, kuna ganin in an ce "gwajin magani" ai shi ke nan, a miƙa wa mutum kwalba ya haɗiye, a rubuta ya warke ko bai warke ba. To, da haka ne da ban yi furfura da wuri ba.

Ni haifaffiyar Sabo ce, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, a nan aka yanke min cibiya, Yarabanci kuwa tun ina tallan goro a Mokola ya zauna a bakina. Shi ya ba ni aikin. A tsakiyar shekarun tamanin ina share-share da tafinta a ɗakin mata na asibiti, sai wani likita ya zo da wata magana. Ya ce masu ciwon daji abu biyu ke cin su: ciwon, da kuma tsoron ciwon. Ciwon ana iya bakin ƙoƙari a kansa, amma fargabar babu mai kula ta. Mace ta kwana ido biyu, gabanta na faɗuwa, ta kasa ci, ta kasa tsayuwa a salla da natsuwa, har ta gudu daga maganin da zai taimake ta. Yana so a gwada wata ƙwayar kwantar da hankali, a ga ko tana da amfani ga irin waɗannan, ko kuwa jiri da kasala kawai take ƙara musu. Yarabawa suna zuwa a duba su. Matan Sabo kuwa sai su zo sau ɗaya su ɓace, likita namiji kuma ba shi da hanyar wuce zaure. Aka ce a nemo mace Bahaushiya mai iya karatu. Da haka na zama Rakiya Asibiti, sunan da har yau bai sake ni ba.

Abin da ya fi wahalar bayyana wa mutane shi ne ƙwayar iri biyu ce. Ɗaya ta gaskiya, ɗaya gari ne kawai aka dunƙule, babu komai a ciki. Kala ɗaya, girma ɗaya, kwalba ɗaya. Ni ban san wadda na ba ki ba, likita bai sani ba, sai mai ɗakin magani kaɗai. Dalili kuwa, ɗan Adam in ya ji an ba shi magani yakan ji sauƙi ko da ruwa ne, to ana so a ware sauƙin magani daga sauƙin zuciya. Kuma dole ki faɗa wa mara lafiya wannan tun farko, ba ɓoye-ɓoye. Je ki tsaya gaban ɗan kasuwar Bodija ki ce masa mai yiwuwa gari za ki ba matarsa, ki ga irin kallon da zai yi miki.

Wadda ta koya min aikin Sista Folake ce, wata doguwar Bayarabiya mai faɗa kamar me. Ranar farko ta ɗora min jaka a kafaɗa. A ciki akwai abin awon jini mai famfo, da sikelin ƙasa mai nauyin tsiya, da kwalabe masu ruwan ƙasa, da takardun tambayoyi, da wani ɗan faranti na ƙidaya ƙwaya don kada a taɓa da hannu. Na yi watanni ina bin ta a baya kafin ta yarda in shiga gida ni kaɗai. In na cika surutu sai ta take min ƙafa. Ta ce, "Rakiya, ba wa'azi aka aiko ki ba. Tambayi, ki rufe baki, ki jira." Na sha jin haushinta, amma Allah ya saka mata, duk abin da na iya a hannunta na ɗauka.

Tambayoyin nan kuwa, wayyo. Ki zauna gaban Bahaushiya da daji ya cinye mata rabin ƙirji, ki ce, "Yaya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Kina barci? "Muna yi." Gabanki yana faɗuwa? "Ai sai godiya." In kika rubuta abin da ta faɗa, to a duk Sabo babu mai damuwa ko ɗaya. Ba ƙarya take yi ba, tarbiyya ce, mutum ba ya kai ƙarar Ubangijinsa wajen baƙo. Sai na koyi zuwa da lokaci a hannuna. In ajiye jaka, in ɗauki wake in taya tsinta. In tambayi ko an ɗora sana'a yau. Mace mai tuya in kika ga kaskonta a kife kwana da kwanaki, ba sai an gaya miki ba. Can cikin hira sai ta ce, "Jiya kam na ji kiran assalatu ban runtsa ba." To sannan ne za ki ɗauko biro.

Aikin da ba na mantawa shi ne na Yaya Asabe mai waina. Ta girme ni, gidansu yana bayan layinmu, mijinta Malam Garba dillalin albasa ne a Bodija. Daga cikin gida take sana'arta, 'yan dako suna zuwa zaure su yi sallama a miƙo musu. Mace ce mai baki, in tana raha har maƙwabta sai sun ji. Daji ya kama ta a mama, aka yi mata aiki, daga baya aka ce ya taɓa hanta. Tun ranar da ta ji haka ta zama wata daban. In an buga ƙofa ta zabura. Ta daina yarda a kashe fitila. Takan riƙe hannuna ta ɗora a ƙirjinta ta ce, "Ji, Rakiya, ji yadda yake bugawa, kamar ana sussuka." Ciwon a lokacin bai kwantar da ita ba, tana cin abinci, tana tafiya. Tsoro ne ya kife mata kasko.

Na yi wa Malam Garba bayani a zaure, na yi mata nata a ɗaki. Shi ya ce in dai ta yarda shi ba shi da ta cewa. Ita kuwa ta ce, "Ko garin ne ba ni, na gaji." Na ce sau uku a rana, safe, azahar, da dare, kada ki tsallake, kada ki ba kowa, duk mako zan zo in duba kwalbar. Ta ce, "Na ɗau alkawari." Ku riƙe wannan kalmar, don Yaya Asabe in ta ce ta ɗau alkawari, to ta ɗauka.

Ba a daɗe ba na shiga na ji ƙamshin waina tun daga soro. Ta fara barci. Ta koma tsokanar 'yan dako, tana ce musu in ba su dawo mata da kwanoninta ba za ta kai su ƙara wajen Sarkin Hausawa. Ni dai ban san wace ƙwaya take sha ba, amma na yi murna.

Shekarar kuwa ba mai daɗi ba ce. Farkon shekarun casa'in ne, komai ya yi tsada, mota sai an yi kokawa, sau da yawa da ƙafa nake tahowa da sikelin nan a kai. Ga shi mata biyu daga cikin waɗanda nake bi sun rasu kusa da kusa. Ciwonsu ne ya kai su, tun kafin su shiga gwajin an san sun yi nisa, amma je ki faɗa wa unguwa. Aka fara raɗe-raɗi wai ƙwayar Rakiya tana gaggauta mutum. Wasu gidajen in na yi sallama sai a ce matar gidan tana barci. A cikin haka azumi ya kama, a tsakiyar zafin nan na kafin saukar ruwa, wanda ko a inuwa kike gumi na bin bayanki.

Kafin a ga wata na bi su ɗaya bayan ɗaya na ce mara lafiya Allah ya ɗauke masa, ku sha abinku, in an samu lafiya a rama. Yaya Asabe ta ce, "To." Na koma mako na farko na duba kwalba, daidai. Na lura tana hamma, maganarta tana ɗan ja, na tambaya ta ce aikin kunun buɗa-baki ne ya yi mata yawa, don da azumi takan bar waina ta koma kunu da ƙosai. Na rubuta hamma, na gaya wa Sista, aka ce a sa ido.

Wata ranar Laraba da hantsi ina ɗaure jaka zan fita, sai ga maƙwabciyarta ta faɗo gidanmu ko mayafin kirki babu. Ta ce, "Rakiya, Asabe fa tana kan hanya. Tun bayan asuba ba ta motsa ba." Na saki jakar. Na ce a raina, wannan matar da na auna kwanan nan, nauyinta ko ƙwayar gero bai ragu ba?

Na tarar da ɗakin cike da mata. An juyar da ita ta fuskanci alƙibla, an rufe ta da zane har wuya. A gefen kanta Inna Hanne ce zaune, ƙanwar mahaifinta, tsohuwar da ta riƙe ta tun tana yarinya, tana ta laƙƙana mata kalmar shahada. Har ta aika an yanko alawayyo na likkafani, ga shi nan a ninke a kan adaka. An tura a kira Malam Garba daga kasuwa.

Na durƙusa na gaishe da Inna. Ta amsa ba ta dube ni ba. Na sa hannu cikin zanen na taɓa ƙafar Yaya Asabe, da ɗumi. Na kama hannunta, jijiya tana bugawa, a hankali amma ba ta rawa. Numfashin ne ya tsaya min a rai. Na zauna da masu cikawa ba adadi a ɗakin mata, na san yadda numfashinsu yake yankewa ya dawo. Wannan ba shi ba ne. Wannan dogon numfashi ne mai nauyi, har da ɗan minshari. Na murɗe mata fatar hannu da ƙarfi, ta ɗan yamutsa fuska.

Inna Hanne ta buge min hannu. "Ke, wane irin rashin imani ne wannan? Ki bar baiwar Allah ta tafi cikin salama. Ta yi sa'a, ga watan alfarma, ga azumi a bakinta. Tunda aka ga wata ko ɗaya ba ta sha ba."

Na ce, "Inna, me kuka ce? Azumi take yi?"

"Da me za ta yi? Ta ce wannan ne na ƙarshe a gare ta, ba za ta gamu da Ubangiji da bashi ba. Ta ce kada a gaya miki, kin cika faɗa."

Na jawo kwalbar daga ƙarƙashin matashi, na juye a faranti. Daidai take, babu wadda aka tsallake. Na ce, "To ta azahar fa, yaushe take sha?"

Inna ta ce, "Ai yarinyar nan ba ta cin amana. Ta ce ta yi miki alkawari. Da sahur take haɗa su duka ukun, da na rage zafin ciwon nan mai ƙarfi, ta kora da koko."

Inna lillahi! Nan na gane komai. Kwana da kwanaki tana zuba ƙwaya uku a tashi ɗaya, a kan hanta mai ciwo, a jikin da ke wuni babu ruwa cikin wannan zafi. Maganin ya taru ya danne ta. Ba ta so ta saɓa wa Allah, ba ta so ta saɓa min, sai ta haɗa mu ta biya mu a lokaci guda. Na ji tsoro ƙwarai, don irin wannan barcin in ya ƙara nauyi numfashi yakan tsaya, amma a ƙarƙashin tsoron na ji wani sanyi, tunda dai ba dajin ba ne.

Na ce, "Inna, Yaya Asabe ba mutuwa take yi ba, magani ne ya yi mata yawa. A kai ta asibiti yanzu."

Ɗakin ya ɗauki hayaniya. Wata ta ce ai dama an faɗa, ƙwayar ce. Inna Hanne ta miƙe, 'yar ƙaramar tsohuwa amma ta cika ƙofa. Ta ce, "Babu inda za ta. In ta cika a can, su sa ta a ɗakin ƙanƙara, mu yi ta yawon sa hannu, a kwana ba a rufe ta ba? Ina raye ba za a yi wa Asabe haka ba. A ɗakinta za ta cika, kafin la'asar mun kai ta makwancinta."

Kada ku yi wa tsohuwar nan dariya. Tsoronta gaskiya ne, mun ga an yi wa wasu. So ne ya sa ta tare ƙofar. Amma ni ma na san in aka bar ta a kan gadon nan, abin da Inna take jira zai iya zuwa da gaske.

Ana cikin haka Malam Garba ya yi sallama, rigarsa duk ɓawon albasa, idonsa ja. Na same shi a tsakar gida na faɗa masa a gajarce. Ya ce, "Malama Rakiya, kin tabbata?" Na ce, "Malam, rai na Allah ne, ban isa in tabbatar maka ba. Amma na san barci, na san mutuwa, wannan barci ne mai haɗari. In ka bar ta a nan ba abin da zan iya. In ka ba ni ita, akwai abin da za a yi. In kuma Allah ya karɓi abinsa a can, ni da Sista za mu tsaya a kai, ba za ta kwana a ɗakin ƙanƙara ba." Ya gyaɗa kai. Sai ya je ƙofar ɗakin ya durƙusa ya ce, "Inna, ku yi min izini. Ku zo mu tafi tare, kuna riƙe da kanta. In ta cika, a hannunku za ta cika." Tsohuwa ta fashe da kuka, ta kauce.

A-kori-kurar da ta kawo shi daga Bodija ita muka samu. Aka ture buhunan albasa gefe aka shimfiɗa katifa. Na kwantar da ita a gefenta don kada harshe ya toshe mata maƙogwaro, na tallafe haɓarta, Inna tana riƙe da kai tana salati. A shataletalen Mokola muka cije a cunkoso. Malam Garba, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya sauka yana buga bayan motocin mutane yana roƙonsu da guntun Yarabancinsa. Ni kuwa idona yana kan ƙirjinta, in ya ɗaga in ce alhamdu lillahi, in jira na gaba.

Da muka isa Sista Folake ba ta ɓata lokaci da tambaya ba. Likita ya aika ɗakin magani a faɗa masa wace ƙwaya ce, don in rai yana cikin haɗari babu sauran sirri. Aka ce ta gaskiya ce. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka tsayar da duk magungunan, aka zauna gadin numfashinta. Babu wani abin al'ajabi da aka yi, jira ne kawai har jiki ya wanke abin da ya tara. Inna Hanne ta ƙi zama a kujera, ta shimfiɗa ɗankwali a ƙasa kusa da gadon. Sista ta kawo mata tabarma, ta ce, "E pele, Mama." Sannu ke nan take yi mata. Inna ba ta jin Yarabanci amma ta karɓa.

Washegari wajen azahar ina gyara mata matashi sai na ga ido a buɗe yana bin robar ƙarin ruwan, daga hannunta har sama. Ta juyo ta dube ni. Muryarta a dushe ta ce, "Rakiya, wa ya ce ki karya min azumi?"

Na zauna a bakin gadon. Dariya nake yi, hawaye yana zuba. Inna Hanne ta rarrafo tana shafa mata fuska tana kiran sunanta. Ita kuwa ta ce, "Geron da na jiƙa fa? Kun bar shi ya yi tsami ko?"

An cire ta daga gwajin, haka dokar take. Likita ya mayar da ita kan ƙwayar a fili, kaɗan, da dare kawai. Mu kuma aikinmu ya canza. Tun daga shekarar, in azumi ya gabato ba na cewa "ku sha abinku" in wuce. Sai in zauna in ce, "Na san za ki yi. Faɗa min gaskiya mu gyara lokutan da likita." Muka kuma roƙi wani malamin unguwa ya riƙa yi wa mazan bayani, don abin da malam ya faɗa ya fi nawa shiga. Raɗe-raɗin nan ma ya mutu da kansa, don duk wanda ya ce ƙwayar Rakiya tana kisa, Inna Hanne ce take fara tare shi. Da aka gama gwajin, abin da aka gano ba wani abin kiɗa da rawa ba ne: tana taimakon wasu, tana sa wasu jiri, kuma masu ciwon hanta sai da taka-tsantsan. Shekarun da muka yi muna bin lunguna ke nan a cikin 'yan kalmomi.

Yaya Asabe dai azumin da ta ce shi ne na ƙarshe bai zama na ƙarshe ba. Ta ga wani. A wannan karon ba ta yi ba, malam ya ce ta ciyar, sai ta riƙa ba 'yan dako kunu kyauta da magariba, tana yi tana mita wai an mayar da ita ƙaramar yarinya. Wata rana da yamma na shiga na same ta zaune a kan kujera 'yar tsugunne, ta rame amma bakin yana nan, tana tace gasara. Ƙyallen da take tacewa da shi sabo ne fil, fari tas, ba tsohon nan da ya yi ja ba. Na ce, "Yaya, an yi sabon ƙyalle ke nan?"

Ta ce, "Ba ki gane shi ba? Alawayyon da Inna ta yanko min ne. Yadi mai kyau haka, a bar shi a adaka asu ya cinye? Na yanki gefe, sauran yana nan, in lokacin ya yi ya ishe ni, ai na rage ƙiba." Ta matse gasarar da hannu biyu, ta ɗago ta harare ni. "Ki daina kallona haka. Ɗauko kwano, ga wanda na dama can a tukunya, ki tafi da naki kunun kafin a kira salla."

Na ɗauko kwanon. Da aka sha ruwa na shanye shi tas, har na sa yatsa na lashe.